Amsoshin Tambayoyinku: Takura wa Malaman Jami'a Masu Binciken Addini

Wani mai sauraro daga Bungudu ya tambaya ko an taɓa takura wa malaman jami'a masu binciken addini a Arewa, kamar yadda aka yi a Tarayyar Sobiyet.

A Sobiyet gwamnatin gurguzu ce ke tsara abin da za a rubuta, kuma jami'o'i na koyar da darasin musun samuwar Ubangiji. Bayan rushewarta a 1991 aka sake buɗe masallatai da coci-coci, masana suka samu damar nazarin addini, sai dai a 2013 Rasha ta kafa dokar hukunta wanda ya ɓata wa masu addini rai.

A Arewa takurawar ta fito ne daga mulkin soja, kuma ta fi faɗa wa malamai masu ra'ayin gurguzu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A 1987 Dakta Yusufu Bala Usman ya wallafa littafi kan yadda masu mulki ke fakewa da addini don raba kan talakawa. A 1988 gwamnatin Babangida ta kama Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa, ta tasa ƙeyarsa zuwa Landan. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki, amma daga baya kotu ta mayar da shi.

Ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 ta jawo masu bincike daga ciki da wajen ƙasa. Yau babban cikas shi ne rashin tsaro, domin shiga ƙauyukan Tsafe da Bungudu don tattaunawa da mutane ya zama sayar da rai.