"Ai ya tashi da ƙafarsa"

A ɗakin karɓar masu haɗari inda nake aiki, ba maganar da ke tayar min da hankali kamar: "Likita, ai da sauƙi, ya tashi da ƙafarsa." Galibi ɗan acaɓa ne da ya faɗi ba hular kwano, ko yaron da suka yi karo da wani a filin ƙwallo.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi. In kai ya bugu, sai ta jijjigu ta daki ƙashi daga ciki, aikinta ya rikice ko da ba a ga jini ba: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske, maimaita tambaya ɗaya. Yawancin masu wannan jijjigar ko suma ba sa yi, hoton CT ma yakan fito lafiya lau.

Muna auna tsananin rauni da ma'aunin Glasgow, wanda Teasdale da Jennett suka fara fitarwa a 1974. Buɗe ido maki 4, magana 5, motsi 6. Daga 13 zuwa 15 mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 3 zuwa 8 mai tsanani, wanda sau da yawa sai an sa masa bututun numfashi. Sai dai makin kan sauya, shi ya sa muke ta sake aunawa.

Tsakanin ido da kunne ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta tsage, jini yakan taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum zai yi hira, ya ci tuwonsa, bayan 'yan sa'o'i ya fara gyangyaɗi, 'yan gida su ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Wannan jinin ana iya kwashe shi da tiyata, in an zo da wuri.

Saboda haka a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, wuyar farkawa, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ruwa ko jini ta hanci ko kunne: a garzaya asibiti, ko tsakar dare ne. Don ciwon kai a ba shi farasitamol, ban da asfirin, don yana iya ƙara zubar jini.

Wanda ya suma kuwa, don Allah kada a ɗura masa madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Kada a cicciɓe shi wuya yana lilo. Ɗan ƙwallo ko ɗan dambe da ya ruɗe bayan bugu ya gama wasa ranar, ko da ya rantse ya warke.