Dabarun Ba da Labari a Ƙagaggun Labaran Ratsa Zamani

Babbar matsalar marubucin da zai kai tauraronsa wani zamani ita ce yadda zai sa mai karatu ya gaskata abin da hankali ya ƙi, domin har yau kimiyya ba ta ƙera injin da zai mayar da mutum jiya ba.

H. G. Wells na Ingila, wanda ya koyi ilmin halittu wajen T. H. Huxley a Landan, ya fitar da littafinsa The Time Machine a 1895. Dabararsa ita ce sanya labari cikin labari. Wani baƙo ne da ya ci abinci a gidan matafiyin yake maimaita abin da ya ji, ga kuma likita da editan jarida a zaune suna ta nuna shakka. Wato Wells ya riga mai karatu yin musu, ya sa musun a bakin mutanen labarin. Shaidar da matafiyin ya kawo kuwa ƙarama ce: fararen furanni biyu da suka yi yaushi a aljihunsa, waɗanda likitan ya kasa gane danginsu.

A shekara ta 802,701 matafiyin ya tarar ɗan Adam ya rabu gida biyu: Eloi masu rauni a doron ƙasa, da Morlock mazauna ƙarƙashin ƙasa masu cin naman Eloi. A kan ra'ayin Darwin aka gina wannan, cewa jinsi guda kan rabu idan ɓangarorinsa suka daɗe a muhalli dabam-dabam.

Ray Bradbury na Amurka ya bi wata hanyar a gajeren labarinsa A Sound of Thunder na 1952. Maharbi ya koma zamanin dinoso, ya kauce wa hanyar da aka shata masa, ya taka malam-buɗe-littafi. Da ya dawo zamaninsa, sai ya ga rubutun allon ofis ya sauya, ɗan takarar da ya faɗi zaɓe shi ne ya ci. Da waɗannan alamu biyu kacal mai karatu ke gane cewa tarihi ya sake hanya.

Amma tun kafin a kai nan, Bradbury ya sa jagoran tafiya ya yi gargaɗi cewa kashe ɓera ɗaya zai hana dila abinci, rashin dila ya shafi zaki, har abin ya kai ga mutum. Malamin aji zai iya koyar da sarƙar abinci da wannan misali, muddin ya nuna wa ɗalibai cewa an yi ƙarin gishiri: a daji, galibi wani ɓeran ne ke cike gurbin wanda ya mutu.