Yadda Ake Rufe Manhajar Waya Gaba Ɗaya

Manhajar banki ko ta WhatsApp tana da shafuka da yawa, ɗaya a kan ɗaya. Danna maɓallin komawa gida ba ya rufe ta, ɓoye ta kawai yake yi. Shi ya sa mai POS a Ƙofar Kware, a birnin Sakkwato, zai sake buɗe manhajar da ta maƙale, ya tarar da ita a shafin da ya bar ta.

A wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix da itel, ana fara buɗe jerin manhajojin da aka yi amfani da su kwanan nan, a share wadda ta maƙale da yatsa. A iPhone ma haka ake yi, a ture ta sama.

Idan ta ci gaba da gardama, a wayar Android sai a shiga saitin waya, a nemi sunanta a jerin manhajoji, a danna "Force stop". Wannan yana tsayar da duk aikin da take yi a ɓoye, har sanarwarta na iya daina zuwa sai an sake buɗe ta. A kusa da wurin akwai "Clear cache", wanda ke goge tarkacen wucin gadi kawai. Amma "Clear data" yana goge bayanan shiga da saituna, a WhatsApp kuma yana iya tafiya da hirarrakin da ba a adana ba. Bai kamata a taɓa shi da gaggawa ba.

Rufe manhaja ba ya soke kuɗin da suka riga suka fita. Wanda manhajarsa ta tsaya yana tsakiyar tura kuɗi, ya duba tarihin asusunsa kafin ya sake turawa.