Zikiri da haƙƙin maƙwabci a gidajen barikin soja

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, zaman bariki ba kamar zaman unguwa ba ne. Soja ba ya zaɓar maƙwabcinsa, hukuma ce ke ba shi ɗaki. Ɗan ɗarika kan samu kansa bango ɗaya da Kirista, ko da Musulmin da bai yarda da zikiri a bayyane ba. Wani ya kwana a bakin gadi, wani ya dawo daga fagen daga a Diffa ko Tillaberi, barci kawai yake nema. Nan ne rigima kan tashi: wannan ya ce an hana shi ibada, wancan ya ce an hana shi hutu.

Kundin tsarin mulkin Nijar na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, a sashe na 30, ya tabbatar wa kowa 'yancin addini da ibada, amma ya ɗaure shi da kiyaye doka da zaman lafiyar jama'a. Shari'a ta riga shi. Aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta hana tilastawa a addini, aya ta 36 ta Suratun Nisa'i kuma ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, ba ta ware Musulmi kaɗai ba.

Ɗaga murya da zikiri yana da asali. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana yin haka bayan sallar farilla a zamanin Annabi (SAW). Amma yana da iyaka. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya tunatar da su cewa kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa, kada wani ya cutar da wani. Alƙur'ani suke karantawa, a cikin masallaci, amma aka kira abin cutarwa. To ina ga lasifikar da ke jingine da bangon mai barci?

Akwai darasin da ya shafi mayaƙa kai tsaye. Abu Musal Ash'ari ya ba da labarin tafiyar da sahabbai suke ɗaga murya da kabbara duk sanda suka hau tudu, Annabi ya ce su sassauta wa kansu, domin Wanda suke kira Mai ji ne, Makusanci. Muslim kuma ya ruwaito daga Miƙdad cewa idan Annabi ya shigo da dare, yakan yi sallamar da na farke zai ji, ba ta tashin mai barci.

Tsarin ɗarika kansa ya bar ƙofa a buɗe. Lazimi, wato istigfari 100, salati 100 da hailala 100 safe da yamma, muridi shi kaɗai yake yin sa, a asirce. Wazifa ce ake yi cikin jama'a a bayyane, kuma sau ɗaya a yini da dare ta wadatar, don haka ikhwani na iya zaɓar lokacin da ba ya takura kowa, su yi ta a masallacin bariki ko zawiya mafi kusa. Zikirin Juma'a bayan La'asar ne zuwa faɗuwar rana, lokacin da mutane ke farke. Lasifika ba ta cikin sharuɗɗan ko ɗaya.

Idan maƙwabci ya kawo kuka, abin da ya dace da muridi shi ne ya saurara, ya tambayi lokacin aikinsa, ya rage murya tun kafin magana ta kai gaban kwamanda. Mai babban muƙami ya fi buƙatar tsoron Allah a nan, domin ƙaramin soja na iya yin shiru don tsoron gala, alhali zuciyarsa na ƙuna. Shirunsa ba yarda ba ne.

Ma'aunin kuma ɗaya ne. Wanda yake son a bar shi ya yi wazifa, ya haƙura da waƙoƙin addu'ar maƙwabcinsa ranar Lahadi. Idan su ma sun wuce kima, a yi musu magana da ladabi, ba a rama da ƙara murya ba.

Tirmizi ya ruwaito cewa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah wuta ba za ta taɓa shi ba. Muridin da ya bar wannan ido ya samu barci da safe bai rage komai daga wuridinsa ba, ya ƙara masa ladabi ne.

Allah Ya tsare dakarun ƙasa, Ya haɗa kan mazauna bariki, Ya karɓi zikirin ikhwani na ɓoye da na bayyane. Amin.