Sulke Ko Jini? Lissafin Da Ke Ɓoye A Kantin Wasan League of Legends

Darasin wannan makon gardama ce ta haife shi. Bayan an tashi daga taron kulob, biyu daga cikinmu suka kaure da musu a kan wani wasan kwamfuta. Ɗaya ya ce duk kuɗin da ka samu a wasan ka zuba shi a sulke, ɗayan ya ce a'a, jini shi ne komai. Abin dariyar shi ne, su biyun nan kullum kuka suke yi da lissafi, alhali musun nasu tsantsar lissafi ne. Sai muka ɗauki alli muka nufi allo. Abin da muka samu a can shi ne muka kawo muku, kuma ko wanda bai taɓa wasan ba zai iya bin mu.

Yadda wasan yake

League of Legends wasa ne da kamfanin Riot Games na Amurka ya fitar a shekarar 2009. Mutum goma ne ke bugawa, biyar a kowane ɓangare, kowa da jarumi ɗaya da yake sarrafawa, kuma wanda ya rusa sansanin abokin karawa shi ya ci. Tun 2011 ake gasar duniya ta wannan wasa duk shekara, kuma fitaccen ɗan wasan Koriya ta Kudu da ake kira Faker ya fara ɗaukar kofin a 2013.

A cikin wasa jarumi yana tara zinari idan ya kashe ƙananan sojojin abokan gaba ko ya kayar da jarumansu. Da zinarin yake zuwa kanti ya sayi kaya: wani kayan ya ƙara masa ƙarfin sara, wani saurin sara, wani jini, wani sulke. Jini shi ne adadin ɓarnar da jarumi zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Jakarsa kaya shida take ci, zinarin kuma ba ya isa a sayi komai. Wasanni irin su Dota 2 da Mobile Legends ma haka tsarin kantinsu yake, lambobin ne kawai suka bambanta.

Mataki na farko: nawa ne maki ɗaya?

Mai zuwa kasuwa da hankali ba ya tsayawa a kan kuɗin buhu, sai ya tambayi nawa mudu ya kama. Haka za mu yi. Ga ƙananan kaya uku da farashinsu ya daɗe a haka:

Cloth Armor: zinari 300, yana ba da sulke 15. 300 ÷ 15 = 20, wato maki ɗaya na sulke zinari 20 ne.

Ruby Crystal: zinari 400, yana ba da jini 150. 400 ÷ 150 ya kusa 2.67, wato makin jini ɗaya kenan.

Long Sword: zinari 350, yana ba da ƙarfin sara 10. Maki ɗaya zinari 35 ne.

Da waɗannan lambobi gwanaye ke auna manyan kaya. Su tara kuɗin makin da kayan ke bayarwa, su kwatanta da kuɗin da kanti ya sa masa. In makin ya fi kuɗin, kayan ya yi araha.

Mataki na biyu: me sulke yake yi?

Dokar wasan ita ce:

ɓarnar da ta shiga jiki = ƙarfin sara × 100 ÷ (100 + sulke)

A ce an kai wa jarumi sara mai ƙarfin 200. In ba shi da sulke, duka 200 za su shiga. In sulkensa 100 ne, 200 × 100 ÷ 200 = 100, rabi kenan. In sulkensa 200 ne, kusan 67 za su shiga. In 300 ne, 50 za su shiga.

A nan ne 'yan wasa da yawa ke yin tuntuɓe. Sukan ce: ɗarin farko ta tare kashi 50 cikin ɗari, ta biyu ta ƙara kusan kashi 17 kacal, ta uku kusan kashi 8, ashe sulke yana rage amfani. Mu sake kallon abin ta wata fuskar. Jarumi mai jini 1000 ba sulke, sara biyar na 200 za su kayar da shi. Da sulke 100, sai an yi sara goma. Da sulke 200, sara goma sha biyar. Da 300, sara ashirin. Kowace ɗari ta ƙara masa sara biyar daidai, ba ragi. Kashin ne ke ruɗin ido.

Don haka abin da ya kamata a auna shi ne jimillar saran da jarumi zai shanye kafin ya faɗi. Mu kira shi juriya:

juriya = jini × (100 + sulke) ÷ 100

Ku lura da alamar da ke tsakani. Ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. Duk darasin nan a kan wannan alamar ya rataya.

Mataki na uku: mu raba gardama

Ga jarumi mai jini 1000 da sulke 50. Juriyarsa 1000 × 150 ÷ 100 = 1500. Ya tara zinari 2400. Za mu yi amfani da farashin maki da muka fitar a sama.

Shawarar mai sulke: 2400 ÷ 20 = sulke 120. Sulke ya zama 170. Juriya = 1000 × 270 ÷ 100 = 2700.

Shawarar mai jini: zinari 2400 ya sayi jini 900. Jini ya zama 1900. Juriya = 1900 × 150 ÷ 100 = 2850.

Da muka zo nan mai jini ya fara murna. Muka ce ya dakata.

Raba biyu: zinari 1200 ya sayi jini 450, sauran 1200 ya sayi sulke 60. Juriya = 1450 × 210 ÷ 100 = 3045.

Kuɗi ɗaya ne, amma wanda ya raba ya fi mai sulke da 345, ya fi mai jini da 195. A faɗan da ake yi kusa da kusa, wannan ya kai sara ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa sara ɗaya ke raba wanda ya tsira da wanda ya faɗi. Su biyun duk ba su ci gardamar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Me ya sa haka?

Kun san tambayar nan ta aji: manomi yana da waya mai tsawon mita 40, yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu mafi girma. In ya yi tsawo 18 da faɗi 2, ya sami murabba'in mita 36. In ya yi 15 da 5, ya sami 75. In ya yi 10 da 10, ya sami 100. Wayar ba ta ƙaru ba, filin ne ya ƙaru, domin idan ana ninka lambobi biyu, ƙaramar ita ke jawo sakamako baya.

Jini shi ne tsawo, sulke shi ne faɗi, zinari shi ne waya, juriya ita ce girman filin. Bambancin kawai shi ne a wasan farashin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne, don haka ba lallai rabon ya zama daidai wa daida ba.

'Yan ajin SS 2 da SS 3 za su iya gano ainihin wurin. A ce x shi ne zinarin da aka kashe a jini. Zinari ɗaya yana sayen jini 0.375, ko sulke 0.05. To:

juriya = (1000 + 0.375x)(270 − 0.05x) ÷ 100

Wannan lissafin kwadiratik ne, zanensa kamar tudu yake. Yana taɓa sifili a x = 5400 da kuma kusan x = −2667, ƙololuwar tudun kuma tana tsakiyar su biyun, wajen x = 1367. Mu gwada da 1400 don sauƙi: jini ya zama 1525, sauran zinari 1000 ya kai sulke 100. Juriya = 1525 × 200 ÷ 100 = 3050. Tsakanin 3045 da 3050 babu wani abin a zo a gani. Saman tudun shimfiɗaɗɗe ne, ba sai ka dace da lambar daidai ba. Gefe biyun ne ke da asara.

Ƙa'idar da za a riƙe a ka

Ba wanda zai tsaya warware kwadiratik ana tsakiyar faɗa. Ga gajeriyar hanya. Zinari 20 yana sayen sulke 1 ko jini 7.5. Sulke 1 yana ƙara juriya da jini ÷ 100. Jini 7.5 yana ƙara ta da 7.5 × (100 + sulke) ÷ 100. Sai mu kwatanta su:

Ka tara 100 da sulkenka, ka ninka da 7.5. In jininka bai kai amsar ba, sayi jini. In ya wuce, sayi sulke.

Jaruminmu na farko: 150 × 7.5 = 1125, jininsa 1000, shi ya sa jini ya ɗan rinjaya. Wani jarumin kuma mai jini 2500 da sulke 80: 180 × 7.5 = 1350, jininsa ya wuce nesa. Zinari 300 a sulke zai ƙara masa juriya 375, a jini kuwa kusan 203 kawai. Kanti ɗaya, farashi ɗaya, amma amsar ta juya saboda abin da kowa ya riga ya mallaka. Tambayar da ta dace ba "wane kaya ya fi kyau" ba ce, "wane kaya ya fi min amfani a yanzu" ce.

Ɓangaren kai hari

Nan ma ninkawa ce: ɓarna a daƙiƙa ɗaya ita ce ƙarfin sara sau saurin sara. Ana sayen ƙarin kashi ɗaya na sauri a kan zinari 25. Ɗauki jarumi mai ƙarfin sara 100 da zinari 350 a hannu. Long Sword zai kai shi 110, ƙarin kashi 10 cikin ɗari. Kuɗin nan kuma zai iya sayen sauri kashi 14. In bai taɓa ƙara sauri ba, daga 100 zuwa 114 ƙarin kashi 14 ne, sauri ya fi. In kuwa ya riga ya ninka saurinsa, daga 200 zuwa 214 ƙarin kashi 7 ne kacal, takobi ya fi. Filin manomin nan ne ya sake dawowa.

Inda lissafinmu ya tsaya

Malamanmu na kimiyya sukan ce a faɗi sharuɗɗan gwaji, to ga namu. Mun ɗauka duk harin abokan gaba sara ne na makami. A wasan akwai harin sihiri wanda sulke ba ya tarewa, yana da tasa kariyar daban mai irin wannan doka, akwai kuma harin da ba ya ganin kowace kariya. Jini yana amfani a kan dukkansu, don haka in abokan gaba sun gauraya hari, jini ya ƙara daraja. A ɗaya gefen, akwai makaman da ke cire wani kaso na jinin mutum, su kuma sun fi cutar mai tulin jini. In kana da abokin da ke warkar da kai, sulke ya fi riba, domin kowane makin jini da aka mayar maka sulke zai ninka shi. Sannan kamfanin yana gyara lambobin wasan kusan duk bayan mako biyu. Wanda ya haddace jerin kayan wani gwani, ranar da aka sauya farashi ya shiga duhu. Wanda ya san hanyar lissafin, lamba kawai zai canza.

Wannan hanyar, wato fitar da farashin ɗaya, da rubuta doka, da neman inda sakamako ya fi yawa, ita ce ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da sunan shinge ko riba. 'Yan'uwanmu biyu da suka ce ba su iya lissafi sun yi rabin awa a gaban allo ba wanda ya tilasta su. Amma mu tuna, lissafin wasan ne ke shiga ɗakin jarrabawa, awannin da aka ƙone a wasan ba sa shiga.

Aikin gida

1. Jarumi yana da jini 1800 da sulke 60, da zinari 1200. Jini 450 zai saya ko sulke 60? A nuna juriyar kowanne.

2. Sulke nawa ake bukata kafin a tare kashi 60 cikin ɗari na sara?

3. A ce wani makami yana rage sulken abokin gaba da maki 15, wani kuma yana rage shi da kashi 25 cikin ɗari. A kan sulke nawa su biyun za su yi daidai? Wanne ya fi a kan mai sulke 200?

A rubuta amsa tare da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Juma'a. Ba ma karɓar amsa tsirara, sai da matakan aiki. Za mu liƙa warwarar da ta fi tsabta a wannan allo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.