Sabon alƙalamin feshi: yadda ake wanke shi da yadda ake gane ciwonsa

Mai sha'awar zane a Tasawa ko Mayahi, in ya samu ƙaramar bindigar feshin nan da ake riƙewa kamar alƙalami, ya samu abin yi wa tankin moto ado, da rubuta allon shago, da fitar da fure a jikin riga ko ƙwarya. Sai dai sau da yawa murnar ba ta daɗewa: fenti ya ƙi fita, ko ya riƙa fita da tartsatsi, mai shi ya ce an sayar masa da jabu. Galibi kuwa kayan lafiyarsu ƙalau. Ramin bakin da fenti ke bi faɗinsa tsakanin milimita 0.2 ne zuwa 0.5, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi. Mu kuma ƙasarmu ta ƙura ce da zafi, fenti na bushewa kafin ka juya.

Kafin ka zuba fenti

Ka fara duba injin da ke ba alƙalamin iska. Wutar Nigelec bolt 220 ce. In injin na Amurka ne mai bolt 110, kada ka jona shi kai tsaye, zai ƙone. Ka duba bakin tiyo kuma: na Iwata da yawancin na Sin zarensu ɗaya ne, amma Badger da Paasche kowanne da nasa, in ka matsa da ƙarfi sai zaren ya lalace.

Sabon alƙalami yakan zo da ɗan maiƙon masana'anta a cikinsa. Ka zuba alkol na kantin magani a kofin, ka fesar, sannan ka bi da ruwa mai tsabta. Da ruwan nan za ka koyi kunamar: danna ta ƙasa iska ce, ja ta baya fenti ne. Ƙa'idar ita ce iska ta riga fenti fita, kuma ita ce ta ƙarshen tsayawa. Wanda ya saki iska tun allurar da ke toshe bakin tana baya, ya bar ɗigon fenti a baki, shi ne zai fantsamo masa a kan aiki in ya sake dannawa. In ruwa ya fita sumul, alƙalami ba shi da laifi. Duk abin da ya biyo baya ka neme shi a fentinka.

Haɗin fenti da ƙarfin iska

Fentin feshi ya zama kamar madara sabuwar tatsa, ba kamar kindirmo ba. Na ruwa a tsinka shi da ruwa, na mai a tsinka shi da tina irin tasa. Kada a gauraya su, dunƙulewa suke yi. Ka yi haɗin a wani ɗan gwangwani daban, ka tace da ƙyalle mai laushi kafin ya shiga kofi. Ruwan ma a tace shi, musamman na rijiya. Ka saita iska tsakanin bar 1 da bar 2, ka gwada a kwali tukuna.

Alamomi da maganinsu

In ka ga kumfa na tasowa a cikin kofi, iska ce ke komawa baya. Ko dai murfin gaba ya saki, ko baki ya toshe, ko ya tsage. Ka ɗaure murfin da hannu. In bai daina ba, kwance bakin ka wanke, ka shafa ɗan kakin zuma a zarensa kafin ka mayar. In ka duba a haske ka ga tsaga, ba shi da magani sai sabo.

In iska na fita babu fenti, ka buɗe bayan alƙalamin ka duba 'yar ƙusar da ke riƙe allura. In ta saki, kunama za ta ja baya allura na zaune a wurinta. In a ɗaure take, to fenti ya yi kauri ko ya bushe a ciki.

In yana fesawa yana tsayawa, fenti ne ya bushe a tsinin allura. Wannan shi ne ciwon watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ka ajiye 'yar auduga jiƙaƙƙiya kusa da kai, kana goge tsinin jefi-jefi, kuma ka maida aikinka na safe ko na yamma.

In fenti na bazuwa kamar ƙafafun gizo-gizo, ya yi ruwa da yawa, ko iska ta yi ƙarfi, ko ka matso kusa ainun. In kuwa ya sauka da kaushi kamar an watsa yashi, ka yi nisa, fentin na bushewa a hanya.

In feshin ya karkace gefe guda, tsinin allura ya lanƙwashe. Ka murza ta a hankali tsakanin yatsu, za ka ga tsinin na rawa. Kada ka ja ta da ƙarfi ta cikin baki, za ta tsaga shi.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wani ciwon ke zuwa: ruwa na taruwa a tankin injin da cikin tiyo, yana fitowa yana ɓata aiki. Ka buɗe ƙusar da ke ƙarƙashin tankin kullum ka zubar, ka kuma sa 'yar kwalbar nan mai tare ruwa a bakin tiyo.

Wanki

Tsakanin launi da launi, ka zubar da saura, ka goge kofin, ka fesa abin tsinka fentin har ya fita garau. Ka toshe gaban da ƙyalle ka danna kunama ka ja ta baya, kumfa za ta taso da dattin da ya maƙale. Ka zubar, kada ka fesa shi. In an ɗauke wuta kana tsakar aiki, kada ka zauna jira da fenti a kofi: iskar da ta rage a tanki ka yi wanki da ita.

In an tashi aiki, ka zare allura ka goge ta daga gindi zuwa tsini. Bakin kuma ka jiƙa shi shi kaɗai a murfin kwalba, ka share cikinsa da ɗan burushi mai laushi. Ban da allurar ɗinki, ban da waya, buɗa ramin suke yi. Kada ka tsoma alƙalamin gaba ɗaya cikin tina ko esansi, zobban robar da ke riƙe iska kumbura suke yi su ruɓe. Wajen mayar da bakin, ɗan sufanan ɗaure shi taɓawa kawai ake yi da shi, domin bakin siriri ne, yana karyewa ya bar zarensa a ciki. Ka yi kwance-kwancen a kan faranti da farin ƙyalle, don in bakin ya faɗi cikin rairayin tsakar gida, sai wani ikon Allah. Da hunturu kuma, saboda ƙura, ka riƙa mayar da alƙalamin akwatinsa a rufe.

Ka kula da ƙirjinka. Ka yi feshi a inda iska ke wucewa, nesa da yara da wuta. Rawani ko takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin tina. Sai takunkumi mai matatar gawayi.

Allura da baki su ne ke fara mutuwa, kuma galibi na wani kamfani ba ya shiga na wani. Daga Tasawa zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100, Kano ta fi haka nisa. Duk ranar da za ka yi sautu, ka rubuta sunan kamfanin da lambar bakin, 0.3 ne ko 0.5, a sayo maka bibbiyu tun naka bai lalace ba.