DARASI: IDAN ARZIKI YA SAUKA A GIDA, INA MATSAYIN UWARGIDA?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai shimfiɗa arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi ga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mun saba jin wa'azi a kan haƙuri da talauci, amma da wuya a ja kunnenmu a kan wadata, alhali gidajen da ta rusa ba kaɗan ba ne. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, samari da magidanta sun kwarara arewa, wasu sun dawo hannu wofi, wasu sun dawo da abin da ubanninsu ba su taɓa riƙewa ba. Haka ɗan kokowar da ya ɗauki takobi, a gasar da aka fara a Tawa tun 1975: jiya manomi ne a ƙauyensu, yau sunansa na bakin maroƙa. To wanda ya fara ɗanɗana wannan canji, ko zaƙinsa ko ɗacinsa, ita ce matar da ke cikin ɗaki.

Ita ce wadda ta yi sussuka da daka a shekarun ƙamfar hatsi, ta sayar da akuyarta ta cika masa jari, ta ɓoye wa iyayenta cewa an kwana ba a ɗora tukunya ba. Sai kuɗi su zo, zaure ya cika da abokan da ba a san su jiya ba. Wannan ya ce masa gidan nan bai dace da shi ba, wancan ya ce matar nan ba ta iya tarbar baƙi ba. Sannu a hankali sai ya fara ganin tsufanta, ya mance a hidimar wa ta tsufa. Wani lokaci ba kishiya ke raba su ba: abin da ke damunsa shi ne ta san shi tun yana cin bashin tiyar gero, shi kuwa yanzu ba ya son mai tuna masa.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari ga son rai ba. Aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta umurci mawadaci ya ciyar gwargwadon wadatarsa, kuma a mazhabar Imamu Malik ana auna ciyarwa da tufatarwa da halin miji da na matar baki ɗaya. Saboda haka idan dukiyarsa ta ƙaru, haƙƙinta ya ƙaru. Ba alfarma yake yi mata ba. Ƙarin aure halal ne, babu mai jayayya, amma amarya budurwa kwana 7 ne nata na musamman, bazawara kwana 3, daga nan sai rabon kwana daidai wa daida. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda ya karkata ga ɗaya daga cikin matansa biyu zai zo ranar Ƙiyama da ɓarin jikinsa a karkace. Wanda ya gina wa amarya gidan siminti ya bar uwargida ɗakinta na yoyo, ya auna kansa da wannan hadisi. In kuwa sakinta ya yi niyya, aya ta 20 cikin Suratun Nisa'i ta hana shi karɓe komai daga abin da ya ba ta, kome yawansa.

Gidan Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya gamu da wannan jarrabawa. Bayan da Allah Ya buɗa wa Musulmi, matansa suka haɗu suka nemi ƙarin ciyarwa, har ya ƙaurace musu kwana 29 a wani ɗaki na sama. Sayyidina Umar (R.A.) ya shiga wurinsa, ya ga tabarma ta yi masa shaida a jiki, kuma abincin da ke ɗakin bai wuce kimanin sa'i ɗaya na sha'ir ba, sai ya yi kuka. Sa'an nan ayoyi na 28 da 29 na Suratul Ahzab suka sauka, aka ba su zaɓi tsakanin ƙawar duniya tare da saki mai kyau, ko zama da Allah da ManzonSa. Ya fara da Nana A'isha (R.A.), ya ce ta shawarci iyayenta tukuna, ta nuna babu abin shawara a nan, ta zaɓi zama da shi, sauran ma suka bi sahunta.

A nan wasu mazaje ke yin kuskure, su ɗauki wannan ƙissa su rufe bakin matansu da ita. Manzon Allah bai hana iyalinsa abin da shi yake morewa ba. A kan tabarma yake kwance. Ban ga yadda mai shiga mota sabuwa, mai yi wa maroƙa kari, zai kafa hujja da ita ba idan uwargida ta nemi turmin atamfa. Ya kamata ya dubi yadda Manzo ya riƙe alkawarin Nana Khadija (R.A.), wadda ta tallafe shi da dukiyarta tun yana Makka: shekaru bayan rasuwarta, yana shugaban Madina, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman.

Mata ma suna da nasu rabo a wannan darasi. Akwai wadda arzikin miji ke sa ta raina danginsa, ta shiga gasar leshi da gwal a gidajen biki, har ta tura shi neman kuɗi ta hanyar da ba ta halatta ba. Akwai kuma wadda ita ce sana'arta ta buɗe, sai ta fara yi masa gori. Dukiyarta tata ce, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta, amma aya ta 237 cikin Suratul Baƙara ta gargaɗi ma'aurata kada su manta da alherin da ke tsakaninsu, kuma a kan maganar rabuwa ma ta sauka, balle ana tare.

Malaman tarihi sun kawo labarin Umar ɗan Abdul'aziz, wanda halifanci ya faɗo masa a shekara ta 99 bayan Hijira, wato 717 Miladiyya. Matarsa Fatima ɗiyar halifa Abdulmalik ce, kuma tana da kayan ado masu tsada da mahaifinta ya ba ta. Umar yana ganin asalinsu dukiyar Musulmi ce, sai ya ba ta zaɓi: ko ta mayar da su baitulmali, ko ya sallame ta ta koma gidansu. Ta mayar da su, ta zauna da shi cikin ƙunci har ya rasu a shekara ta 101. Da ɗan'uwanta Yazidu ya hau mulki, ya ce zai dawo mata da kayanta, sai ta ƙi karɓa, ta ce abin da ta bari da daɗin rai yana raye ba za ta koma masa ba bayan mutuwarsa. Allah Ya jiƙan su.